232,792,560: Gwanata Mai Rabo Ba Ragowa

Jama'a, a ba ni fili in yi yabo. Wani ƙungiyar ƙwallo yake mutuwa a kanta, wani mawaƙi, wani jarumin fim. Ni gwanata lamba ce, kuma ga ta nan: 232,792,560. A faɗe ta da baki a ji daɗinta: miliyan ɗari biyu da talatin da biyu, da dubu ɗari bakwai da casa'in da biyu, da ɗari biyar da sittin. A ido ba ta da wani kwarjini. Ba ta da jerin sifirin nan da ake cika mana kunne da shi ranar karanta kasafin kuɗi. Amma duk lambobin da suka zo kafin ta, tun daga ɗaya har zuwa ƙofar gidanta, babu wadda ta iya abin da ta iya. Ko ɗaya.

Gani ya kori ji. Ɗauko kalkuleta. Ƙaramar nan mai gurbi takwas ba za ta ɗauke ta ba, don gurbinta tara ne, sai dai ka aro babba irin ta 'yan hatsi a kasuwar Azare, ko ka buɗe ta wayarka. Raba ta biyu: 116,396,280. Raba ta uku: 77,597,520. Wannan wasa ne, in ji ka. To raba ta bakwai, lambar da ke ba ɗalibai ciwon kai: 33,256,080, cif. Sha ɗaya: 21,162,960. Sha uku: 17,907,120. Sha bakwai: 13,693,680. Sha tara: 12,252,240. Bi su ɗaya bayan ɗaya, daga 1 har 22, ba za ka ga ɗigo ya leƙo a fuskar kalkuletar ba. Kuma ita ce mafi ƙanƙantar lamba a duniya da ke yin wannan. Sauran masu yi duk ninkinta ne, wato a bayanta suke salla. Allahu Akbar!

Abin da ya ƙara jefa ni cikin sonta shi ne yadda ta dace da ƙasarmu sai ka rantse da mu aka ƙera ta. A raba ta ga ƙananan hukumomi 20 na Jihar Bauchi, kowacce ta tashi da 11,639,628, babu mai ƙorafi. A tsaya a namu na Bauchi ta Arewa kawai, Katagum da Shira da Giade da Gamawa da Zaki da Itas/Gadau da Jama'are, su bakwai, ta rabu. Gombe mai 11, Yobe mai 17, Zamfara mai 14, Kebbi mai 21, duk ta sallame su. Katsina mai 34 kowacce 6,846,840. Kano ma da 44 ɗinta ba ta gagare ta ba: 5,290,740. Jihohin Arewa 19, jihohin tarayya 36, duk sumul. Sai kuma wanda ya fi kashe ni: raba ta ga kujeru 360 na Majalisar Wakilai ka ga abin da zai fito. 646,646. Sake dubawa. Ɗari shida da arba'in da shida, sau biyu a jere! Wane mai zane ne zai tsara maka wannan da gangan?

Ga wani dace kuma da ya sa nake murmushi ni kaɗai. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya sa yawan 'yan Najeriya a miliyan 232 da ɗoriya. Ke nan in ƙiyasin ya yi kusa da gaskiya, akwai wani ɗan lokaci, ƙila da tsakar dare, ƙila ana tsaka da cin kasuwa, da wata jaririya ta faɗo duniya ta cika mu 232,792,560 daidai, lokacin da za a iya kasa mu gida 19 ko 36 ko 360 ba tare da an bar mutum ɗaya a tsaye ba. Kafin a yanke mata cibiya wani ya biyo baya ya ɓata lissafin. Kwatanta da adadin ƙidayar 2006, wato 140,431,790, wanda ko gida uku ba ya rabuwa.

To mene ne sirrinta? Kayan haɗinta. Akwai lambobin da babu mai raba su sai ɗaya da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11. Mu kira su gagara-rabo. Kowace lamba a duniya da su aka gina ta, kuma hanyar ginin guda ɗaya ce tak. Gwanata ga nata ginin: 16 sau 9 sau 5 sau 7 sau 11 sau 13 sau 17 sau 19. Gagara-rabo takwas na farko duk suna ciki, babu wanda aka tsallake. Biyu ta shiga sau huɗu, saboda sai da haka 16 za ta samu wurin zama. Uku ta shiga sau biyu, saboda 9 da 18. Sauran kowa sau ɗaya, ba ƙari. Nan ne kyanta yake, kuma nan ne nake so mai karatu ya ɗan dakata. Zare biyu guda ɗaya daga ciki, 16 ta fita. Zare uku guda ɗaya, 9 da 18 sun tafi tare. Zare bakwai, ka yi asarar 7 da 14 da 21 a tashi ɗaya. Ba ta ɗauki ko ƙwayar da ba ta da aiki ba. Malalacin ɗalibi in ka ce ya kawo lambar da 1 zuwa 20 ke rabawa, sai ya ninka su gaba ɗaya ya miƙo maka 2,432,902,008,176,640,000. E, ta yi aikin, amma ta ninka gwanata sau biliyan goma da ɗoriya. Almubazzaranci ke nan.

Kuma tana da alheri. Don 19 aka gina ta, amma da ka biya kuɗin 19 sai ta ɗora maka gyara irin na mai tumatir: 20 ta shigo kyauta domin 4 sau 5 ce, 21 ta biyo domin 3 sau 7 ce, 22 ma haka, 2 sau 11. Ko 24 da 26 da 28 da 30 duk suna cin arzikinta.

Ba daga sama ta faɗo ba, 'yar dangi ce. Kakarsu 60 tana rabuwa daga 1 zuwa 6, shi ya sa har yau da ita muke kasa awa da minti. Sai 420, sai 840, sai shahararriyar cikinsu 2,520, wadda ke ba da rabi da sulusi da rubu'i da humusi da sudusi da subu'i da sumuni da tusu'i da ushiri, duka tara, ba karaya. Akwai labarin da malamai ke bayarwa, ana danganta shi ga Sayyidina Ali, cewa an tambaye shi irin wannan lamba sai ya ce a ninka kwanakin mako da kwanakin shekara, wato 7 sau 360, sai ga 2,520. Ninkinta biyu, 5,040, shi ne adadin magidantan da Aflatun na Girka ya zaɓa wa birnin da ya tsara a littafinsa na dokoki, saboda sauƙin rabon gonaki da haraji da aikin yaƙi. Daga nan zuriyar ta hau: 27,720, sai 360,360, sai 720,720, sai 12,252,240, sai gwanata. Wannan maimaicin da kake gani a 360,360 da 720,720, da 646,646 na ɗazu, aikin 7 da 11 da 13 ne. In suka haɗu suna ba da 1,001, kuma duk lamba mai gurbi uku da aka ninka da 1,001 sai ta fito tagwaye.

Amma inda na fi so a gwada ta shi ne zauren rabon gado, don a ƙasar Katagum nan ne lissafi ke da haƙora. Duk wanda ya taɓa zama a gaban malami ko alƙali ranar da magada suka taru ya san ba a wasa da ragowa. Kason da shari'a ta yanka shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Ɗalibin da ya kai babin gado a Risala ya san asalin mas'ala ba ya wuce 2, 3, 4, 6, 8, 12 ko 24. Waɗannan duk gwanata tana shanye su ba ko tari. Rigimar tana zuwa ne in kaso ya fi dukiya yawa, abin da malamai ke kira auli, wanda aka fara hukunci da shi a zamanin Sayyidina Umar. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata shaƙiƙai biyu: miji rabi, su kuma sulusi biyu. A kan shida, uku da huɗu ke nan, bakwai. Sai a kasa dukiyar bakwai, kowa ya ɗan ji a jikinsa daidai gwargwado. Ta wannan hanya shida kan koma 7 ko 8 ko 9 ko 10, sha biyu kuma ta koma 13 ko 15 ko 17.

Kun ga inda 13 da 17 suka ɓullo? Mutum zai ce ina ruwan Bahaushe da lambar da 17 ke rabawa. To ga ruwansa. Akwai mas'alar da masana gado ke kira Ummul Aramili. Mutum ya rasu ya bar mata uku, kakanni mata biyu, 'yan'uwa mata li'ummai huɗu, da shaƙiƙai mata takwas. Matan aure suna da rubu'i, uku cikin sha biyu. Kakanni sudusi, biyu. Li'ummai sulusi, huɗu. Shaƙiƙai sulusi biyu, takwas. Tara su: 17. Ƙirga matan kuma: su ma 17. Kowacce kaso ɗaya, babu wadda ta fi wata, duk da ta ƙofa daban-daban suka shigo. Da a ce mamacin ya bar naira 232,792,560, kowacce za ta ƙulle naira 13,693,680 a bakin zane, ba a nemi canji ba. Wallahi duk sanda na bi wannan lissafi sai tsigar jikina ta tashi.

Tumunin takaba ma akwai abin dariya a ciki. Sumunin gwanata naira 29,099,070 ne. Mace ɗaya ta kwashe duka. Mata biyu, 14,549,535 kowacce. Mata uku, 9,699,690, wadda ita kanta abar kallo ce, domin ita ce abin da ake samu in aka ninka gagara-rabo takwas ɗin nan sau ɗai-ɗai. Amma Alhaji mai mata huɗu ya ja mana: 7,274,767 da kobo hamsin. Yanzu fisabilillahi ina za a samo kobo hamsin a garin nan?

Masoyi na gaskiya ba ya ɓoye inda gwanarsa ta durƙusa, ballantana in durƙuson ma da kyansa. Cikin dukan lambobin auli, guda ɗaya ce ta gagare ta: 27, wadda 24 ke komawa. Ita ce mas'alar da ake kira Mimbariyya, saboda an ruwaito cewa Sayyidina Ali yana kan mumbari aka jefo masa ita. Mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Uku, da sha shida, da huɗu, da huɗu: 27. Ita kuwa 27 uku ce sau uku sau uku, gwanata kuma uku biyu kawai ta riƙe, sai ragowar 18 ta fito. Amma ku duba ladabi: sumunin matar a wannan mas'ala ya koma tusu'i, uku cikin ashirin da bakwai, kuma tusu'in gwanata cif yake, 25,865,840. Wato ko a inda ta gaza, sai da ta sallami mai takaba tukuna.

Wannan 27 ɗin ce ta sa maƙwabtanmu na Jigawa, da mutanen Borno, ba za su ji daɗin rabonta ba, don ƙananan hukumominsu ashirin da bakwai-bakwai ne. Sakkwatawa da mutanen Kaduna kuwa su suka fara tare mata hanya da 23 ɗinsu: kowacce ta samu 10,121,415, sai 15 ta rage a faranti ana kallon-kallo. Neja mai 25 ma ragowar goma take bari. Don a shigar da 23 sai an ninka gwanata da ita, a samu 5,354,228,880. Magajiyarta ke nan, kuma ina girmama ta, amma ba ta shiga raina ba. Ta ninka girma sau ashirin da uku don ta ƙara taku biyu kacal, 23 da 24, alhali 24 ɗin ma tun da can tana hannu.

Masana lissafi suna da rukunonin da suke jera lambobi a ciki, kuma kusan duk layin da ka leƙa za ka tarar da ita a sahun gaba. Lambobin da ke raba ta ba ragowa guda 960 ne. Ɗari tara da sittin! Miliyan ɗari, da duk sifirinta takwas da tinƙahonta, 81 kawai gare ta. Tun wajen shekara ta 100 Miladiyya wani masani mai suna Nikomakus, mutumin Jarash da ke ƙasar Jodan a yau, ya kasa lambobi gida uku, kuma Sabit bin Ƙurra ya mai da littafinsa Larabci a Bagadaza a ƙarni na tara. Ka tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta gaza ta, mai giɓi ce. In ta yi daidai da ita, kamar 6 da 28, cikakkiya ce. In ta haura, mai rara ce. Gwanata mai rara ce, rarar ma ta fitar hankali: jimlar masu raba ta 937,132,560, ninki huɗu da ɗoriya. In aka sa ita kanta a ciki, 1,169,925,120, sama da ninki biyar. Wannan daraja ba a fara samunta ba sai daga 122,522,400, saboda haka 'yan wannan rukuni ba su da yawa a wannan zango.

Akwai kuma rukunin da D. R. Kaprekar, wani malamin makaranta a Indiya, ya raɗa wa suna Harshad: lambar da jimlar alƙalumanta ke raba ta. Tara nata: 2 da 3 da 2 da 7 da 9 da 2 da 5 da 6 da 0. Talatin da shida, adadin jihohinmu, kuma ta rabu: 6,466,460. Sannan duk wata lamba da ke ƙasa da ita, kowace ce, za ka iya haɗa ta ta hanyar tara wasu daga cikin masu raba ta ba tare da ka maimaita ko ɗaya ba. Sannan ana iya rubuta ta a matsayin jimlar lambobi masu bin juna ta hanyoyi 191, mafi sauƙinsu 77,597,519 da 77,597,520 da 77,597,521. Ni dai ban san me ake nema a wurin lamba da ya wuce haka ba.

'Yan adawa za su ɗago Ramanujan, kuma na san da zuwansu. A 1915 wannan gwarzon ɗan Indiya, yana Kambirij, ya fitar da dogon nazari kan lambobin da suka fi duk na ƙasa da su yawan masu raba su. Gwanata ba ta cikin jerinsa, domin 183,783,600 ta riga ta kai 960 alhali ta fi ta ƙanƙanta. Na ji, na yarda, gaba da gabanta. Har 25 da 27 waccan tana rabuwa da su, ta warware Mimbariyya, ta faranta wa Jigawa. Amma a ce ta raba wa jihohin Arewa 19 mana. Shiru. Waccan ta tara 3 da 5 ne ta yi ta maimaitawa, ta bar 19 a waje. Tawa kuwa ba ta tsallake kowa ba tun daga farkon layi har inda ƙarfinta ya ƙare, kuma ni wannan halin ne ya saye ni.

Girmanta fa? Lokacin da Baturen nan Clapperton ya iso tsohon garin Katagum daga Borno a farkon 1824, shekaru kaɗan bayan Malam Ibrahim Zaki ya kafa shi, ya rubuta cewa a nan ya fara ganin ana ciniki da wuri a tafiyar tasa. Kakanninmu ƙwararru ne wajen ƙirga, biyar-biyar suke jan wuri da yatsu. To a zube wa mutum wuri 232,792,560 a ce ya ƙirga ɗaya-ɗaya, ƙwaya guda kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci. Zai shekara bakwai da wata huɗu da 'yan makonni bai tashi ba. Son lamba ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi a 1732 kan hatimin lissafi, wanda kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Ina ji a jikina da an nuna masa 646,646 da ya ajiye alƙalami ya yi tasbihi.

A yau masu koyon rubuta manhajar kwamfuta a duniya sun san ta sarai. A dandalin Project Euler, wanda Colin Hughes ya fara a 2001, tambaya ta biyar ita ce a nemo mafi ƙanƙantar lambar da 1 zuwa 20 ke rabawa. Ku yafe ni, na fasa muku ƙwai. Amma ɗaliban lissafi na Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau, da na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a nan Azare, ga wanda ban fasa ba. Gwanata tana zaune ne a tsakiyar fili fetal. Ƙara mata 2, biyu za ta raba abin da ya fito. Ƙara 3, uku za ta raba. Haka har 22. Saboda haka daga 232,792,562 zuwa 232,792,582, lambobi ashirin da ɗaya a jere, babu gagara-rabo ko guda, kuma haka abin yake in aka yi ƙasa, daga 232,792,558 zuwa 232,792,538. Saura dogarai biyu da ke tsaye dama da hagunta, 232,792,559 da 232,792,561, waɗanda babu ko ɗaya cikin takwas ɗin nan da ke iya taɓa su. Shin gagara-rabo ne su, ko akwai mai raba su a can gaba? Ba sai kun gwada har miliyan ba, ku fara daga 23 ku tsaya a 15,257. Wanda ya fara kawo amsa tare da hujjarsa, shayinsa da ƙwai da burodi a wuyana.